Kwana tara, gidaje talatin da ɗaya: wannan ba zumunci ba ne

Ranar Lahadin makon jiya na ga wani abu a bakin ƙofar coci, har yau yana ci mini rai.

Wani ɗan ikkilisiyarmu ne ya zo ganin gida bayan shekara bakwai yana aiki a ƙasar waje. Tun kafin a fara sujada aka kai shi kujerar gaba. Da aka zo sanarwa fasto ya ce ya miƙe a gan shi, aka tafa, ya yi 'yan kalmomin godiya ga Allah. Ana tashi jama'a suka yanyame shi a waje, wannan ya rungume shi, wancan ya karɓi lambarsa, hoto kuwa ba a magana.

A gefen ƙofa akwai wata dattijuwa da ta koyar da shi a makarantar Lahadi yana yaro. Ta dogara sandarta tana jira a ragu. Sau biyu na ga ta sa hannu cikin jaka, ta fasa. Da ya iso wurinta ya kama hannunta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya, ya ce, "Mama, kina nan da ƙarfinki! Zan zo har gida in gaishe ki sosai." Ta ce, "To ɗana, Allah ya kawo ka." Mota na jira. Ya shige.

Na san ba zai je ba. Ba mutumin banza ba ne, na san shi tun yana rarrafe. Na sani ne domin ni ma na yi zaman nesa da gida shekara goma sha ɗaya, kuma wannan maganar tasa na faɗe ta da bakina ban san iyaka ba.

Ga ra'ayina tun ba a je ko'ina ba: mun ɓata zuwa gida. Mun mayar da shi zagayen nuna fuska da rabon tsaraba. Duk wanda ya samu 'yan kwanakin hutu ya zo, ya yanke jerin sunayen nan nasa, ya zaɓi mutane kaɗan ya zauna da su har hira ta nuna, ko da wasu za su yi ƙorafi. Wanda kuma ba shi da abin kawowa, ya taho haka nan.

Kada a ɗauka maganar mutum biyu ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a cikinta aka haife su ba, ban da waɗanda aiki ko karatu ko aure ya kai su wani gari mai nisa a cikin ƙasarsu. Kowane ɗaya a cikinsu ya bar wani a baya yana lissafin ranar zuwansa.

Nawa laifin

Akwai zuwan da na yi na kwana tara, na rubuta gidaje talatin da ɗaya a waya. Duk gidan da na fito sai in sa masa alama, ina jin daɗi kamar mai biyan bashi.

A rana ta shida na isa gidan kawuna. Direba ko injin bai kashe ba. Muka gaisa, aka ɗauki hoto, ina shirin miƙewa sai ya dafa gwiwata ya ce, "Zauna, akwai maganar da nake so mu yi game da ni da mahaifiyarka." Ban ce komai ba, ido kawai na kai kan agogo. Ya gani. Ya janye hannunsa ya ce, "Je ka ɗana, kada dare ya yi maka. Ba ta gaggawa ba ce."

Kafin in sake zuwa Allah ya yi masa rasuwa. Hoton yana nan a wayata, ya fito ras, mu biyu muna dariya. Maganar kuwa ya tafi da ita.

"Ai kullum muna waya"

Wannan ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Facebook ya zo a 2004, WhatsApp a 2009, a 2016 ya ƙara kiran bidiyo. Kakanninmu da suka yi tafiya sai a yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Yau uwa tana ganin jikanta ranar da aka haife shi, ko da teku ce tsakaninsu. Wanda ya raina wannan ya yi butulci.

Sai dai waya tana nuna maka abin da mai riƙe da ita ya ga dama ka gani. Daga ƙirji zuwa sama, fuska a sake, "lafiya lau, kada ka damu." Shekara biyu ina kiran mahaifina ta bidiyo duk mako, ban taɓa sanin hannunsa na dama ya fara rawa ba, sai ranar da na zauna kusa da shi na ga yana fama da maɓallin riga, ya ƙi yarda a taimaka masa. Ashe da hagu yake riƙe wayar duk wannan lokacin. Iyaye gwanaye ne wajen ɓoye wa ɗan nesa ciwo. Gani ya kori ji.

Kuma duniya gaba ɗaya ta gwada wannan. Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona annoba ranar 11 ga Maris 2020, aka rufe iyakoki, majami'u da yawa suka koma yin sujada ta Zoom da Facebook. Wa'azi ya isa kunne, babu shakka. Amma wanda aka yi wa rasuwa a lokacin, aka yi masa ta'aziyya ta allon waya, tambaye shi ko ya ishe shi.

Tun kafin a ƙirƙiro waya an san wannan. A ƙarshen wasiƙarsa ta biyu cikin Littafi Mai Tsarki, Yohanna ya ce yana da abubuwa da yawa da zai faɗa, amma ba ya so ya yi su da takarda da tawada, yana sa zuciya ya zo su yi magana. Kalmar da ya yi amfani da ita a harshen Girkanci, in ka fassara ta yadda take, "baki da baki" ce, irin yadda muke faɗa. Mutumin da wasiƙunsa suka kai shekara kusan dubu biyu ana karanta su, shi ne yake cewa rubutu bai isa ba. Zuwa da kai ya fi saƙo.

To, in dai abin da zuwa ya fi waya da shi ke nan, mene ne amfanin ka biya kuɗin jirgi ka zo ka yi wa mutum gaisuwar minti biyar wadda waya ma ta fi ta tsawo?

"In na tsallake gidan wane, na shiga uku"

Gaskiya ne, za a yi fushi. Akwai goggon da za ta riƙe ka a ciki shekara guda don ta ji ka je gidan ƙanwarta ba ka zo nata ba. Ba zan ce wannan ba komai ba ne.

Amma a yi lissafi. Wani masani ɗan Birtaniya, Robin Dunbar, ya fito da ra'ayi a farkon shekarun 1990 cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da fiye da mutum wajen 150, kuma a cikinsu na ƙut da ƙut ba su wuce biyar ba, sai wajen goma sha biyar a bayansu. Masana suna jayayya a kan adadin, amma wanda ya taɓa raba kwana tara gida talatin bai buƙatar a yi masa bayani. Taura biyu ba ta taunuwa, balle talatin.

Kuma kada ka zaci goggon da ka leƙa ka fita ta gamsu. Ta san leƙe ne. Fushin wadda ba ka je wurinta ba a fili yake, ana rarrashi ya wuce. Wadda ka je ka tsaya a tsaye kana kaɗa makullin mota ba za ta ce komai ba, amma ta gane matsayinta a wurinka.

Akwai mafita mai sauƙi, tsohuwa ce ma. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 14, ya ce da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya daga tafiyarsu ta farko, tara ikkilisiya suka yi wuri ɗaya suka ba da labari, sa'an nan suka daɗe tare da almajiran. Ka ware yini guda, duk mai ƙafa ya zo a haɗu. Sauran kwanakin na tsofaffi ne da marasa lafiya da waɗanda ba za su iya tasowa ba.

Hannu rabbana

Nan ne abin ya fi ba ni haushi, domin laifin ya raba gida biyu.

Na san mutanen da suka yi shekara takwas, goma, ba su taka gida ba. Takarda ba ta hana su ba, kuɗin hanya ma za su iya haɗawa. Kunya ce. An ce suna waje, don haka dole su sauka da akwatuna, su ba wannan su ba wancan, su bar wani abin a zo a gani. Kowace shekara sai su ce baɗi, in abubuwa sun daidaita. Ana cikin jiran baɗi sai a bugo waya da tsakar dare, mutum ya ciyo bashin da ya ƙi ci don ganin uwarsa da rai, ya zo binne ta.

Mu da ke gida muna da hannu dumu-dumu a cikin wannan. Mu ne muke ƙirga jakunkuna tun a bakin ƙofa. Mu ne muke cewa, "Wane ya zo, amma dai da alama ba a samu ba." Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan ci-rani suka aika gida a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita a 2023 ya haura dala biliyan 600. Mutanen nan suna ƙoƙari. Da yawansu aikin dare suke yi, suna kwana ɗaki ɗaya da baƙin ido don su rage abin aikowa. In suka zo kuma mu sake shimfiɗa musu faranti?

Mu Kirista ma ba mu da uzuri, labaran suna gabanmu. Yakubu ya yi shekara ashirin a gidan Laban. Da zai koma, tsoron wansa Isuwa ya sa ya tura kyauta gaba, garke bayan garke: awaki 220, tumaki 220, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30. Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi ta kuka. Sai daga baya ya tambayi me ake nufi da dabbobin nan, ya ce shi yana da abin da ya ishe shi. Sai da Yakubu ya matsa masa kafin ya karɓa.

Na'omi kuwa ta koma Baitalami bayan wajen shekara goma a Mowab, ba miji, ba 'ya'ya, da bakinta ta ce ta tafi a cike ta komo hannu wofi. Garin ya ruɗe, mata suna tambayar juna ko ita ce. Ta sha kallo, amma ta shiga. Da ta tsaya jiran ranar da za ta komo da abin nunawa, da labarin Rut, surukarta da ta biyo ta, bai kai ga Sarki Dauda ba.

Ban ce a daina tsaraba ba. Wanda yake da hali ya kawo, alheri ne. Abin da na ƙi shi ne ta zama kuɗin shiga gidan ubanka.

Wanda bai taɓa tafiya ba

Wannan ba hujjar masu tafiya ba ce, ƙorafin waɗanda aka bari ne, kuma su ba su cika faɗinsa ba.

A kusan kowane gida akwai ɗa ko 'ya da ta tsaya. Ita ce ke kai Baba asibiti, ita ta haddace sunayen magungunansa da lokacin shan kowanne, ita ce ake tasa da ƙarfe biyun dare. Ba wanda ya taɓa tafa mata a coci. Sai ɗan nesa ya sauka, a share gida, a canja labule, Mama da ta yi wata uku tana kwance ta miƙe tana kai da kawowa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne bayan kwana biyu baƙon ya fara gyara. Me ya sa ba a canja likita ba? Me ya sa rufin nan yake haka? Kuɗin da na aiko a watan kaza ina aka kai su? Ni na yi wa yayata wannan, a gaban mutane kuma. Ba ta tanka ba. Da dare ta ɗauko wani littafi mai bangon shuɗi da ya fara yagewa, ta ajiye a gabana. Kowane shafi kwanan wata, magani, gwaji, kuɗin mota, shekara huɗu cur, da rubutun hannunta. A gefe ta ja layi ta rubuta abin da na aiko. Bai kai rabi ba. Ta ce, "Karanta a hankali, ƙanena, ba sauri nake ba." Ta tafi ta kwanta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna son misalin ɗan da ya ɓata a Luka 15, muna wa'azi a kan uban da ya hango shi tun daga nesa. Amma uban nan ya sake fita karo na biyu, wurin babban ɗan da ya ƙi shiga, wanda ya ce shekara da shekaru yana bauta ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Uban bai kore shi ba, rarrashinsa ya fita yi. In ka zo gida, yini na farko na wanda ya tsaya ne. Karɓi jinyar na kwana biyu, ka ce ta je ta yi barci. Wannan ya fi duk abin da ke cikin akwatinka.

Tsofaffin abokai

"Mun daina fahimtar juna," in ji wasu. Haka ne. Minti goma na farko daɗi: ka tuna malam wane, ka tuna ranar da aka kama mu. Daga nan sai shiru, kowa ya ciro waya.

Shirun nan ba alamar mutuwar abota ba ce. A nan ne tsohon labari ya ƙare, kuma in aka ɗan daure, na yanzu zai fito. Abokan Ayuba, duk da kwaɓar da suka yi daga baya, kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Mu minti biyu ya gagare mu.

Ka kuma lura da wanda bai zo ba. Waɗanda abin duniya ya yi wa kyau su ne ke fara isowa. Wanda aiki ya kuɓuce masa, ko aure ya mutu, ko ya ci bashinka bai biya ba, yana jin labarin zuwanka zai canja hanya. Shi za ka nema, kai kaɗai, ba da ayari ba. Haka abokin da ba addininku ɗaya ba, wanda kuka yi zaman benci ɗaya a makaranta. Siyasa da surutun intanet sun sa kowa ya ja jiki, amma da wuya ka buga masa ƙofa ya ƙi buɗewa.

Kujerar gaba

Bari in komo coci, inda na fara.

Wasiƙar Yakubu, sura 2, ta yi maganar mutum mai zoben zinariya da tufafi masu kyau da aka ce ya zauna a wuri mai daraja, matalauci kuma aka ce ya tsaya can. Muna karanta ta, muna gyaɗa kai, Lahadi mai zuwa mu kai ɗan ƙasar waje gaba. Mu faɗi gaskiya, sau da yawa ginin da ba a gama ba muke hange. Kafin ya fita an miƙa masa ambulan. Mutum ya zo da gajiyar shekara bakwai, watakila bangaskiyarsa ta yi sanyi, watakila gidansa na can yana tangal-tangal, ba wanda ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, yaya tafiyarka da Ubangiji?" Mun ga mai bayarwa, ba mu ga tunkiya ba.

Shi ma baƙon da nasa. "A cocinmu na can ba a wuce awa ɗaya." "A can komai da na'ura ake yi." To madalla. Waɗannan da kake gyara wa zama su ne suka yi ta ambaton sunanka a addu'a lokacin da kake neman biza.

In da za a ji tawa, ɗan nesa ya zauna a baya, inda ya saba zama. Ya zo taron addu'a na tsakiyar mako, wanda ba ya tara mutum ashirin, inda ba hoto ba tafi. A can zai ji wanda ya rasu, wanda ya daina zuwa, wadda take kwance wata shida ba mai leƙa ta. Ya roƙi dattijon ikkilisiya ya raka shi gidaje biyu ko uku. A Romawa 16 Bulus ya gai da mutum fiye da ashirin, kowa da sunansa, har da mahaifiyar Rufus, wadda ya ce ta zama uwa a gare shi shi ma. Ko sunanta ba a rubuta ba, amma bai manta da ita ba. Kowannenmu yana da irin wannan uwar a cocin da ya tashi.

Na san akwai waɗanda gida ko coci ne ya ji musu ciwo har suka tafi, kuma ba zan tsaya a nan in ce dole su koma su rungumi wanda ya cuce su ba. Wannan tsakaninsu da Allah ne, da lokacinsa. Abu ɗaya kawai na lura: da Yusufu zai bayyana kansa ga 'yan'uwan da suka sayar da shi, bayan shekara ashirin da biyu, sai da ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin. Irin wannan magana ba ta yiwuwa a tsaye, ba ta yiwuwa a gaban kyamara, kuma ba ta shiga jadawalin gida talatin.

Jiya Lahadi na sake ganin dattijuwar nan a inda ta saba tsayawa. Na gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, yaron nan yana gari kuwa?" Na ce, "Mama, jirginsa ya tashi tun ranar Alhamis."

Ta yi shiru. Sai ta buɗe jaka ta ciro Littafi Mai Tsarki, ta zaro wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa. Ayar haddacewa ce da rubutun yaro, haruffan sun karkace, a ƙasa sunansa, ga alamar maki da ta sa masa da jan biro. Ta ce, "Ina share ɗaki na tsinta. Na ce zai yi dariya in ya gani."

Na ce ta kawo in ɗauki hotonta in tura masa. Ta girgiza kai, ta mayar da ita tsakanin shafuka, ta rufe.

"Bar shi," in ji ta. "Ai ya ce zai zo."